Ƙanjamau: Abin Da Ya Kamata Ɗan Arewa Mazaunin Kurmi Ya Sani

'Yan uwana mazauna kurmi, na Agege da Mile 12 da Alaba Rago, na Sabon Ibadan da Shagamu, na Lokpanta da Ugwuoba da Amansea, har zuwa Fatakwal da Kalaba. Yau maganar ƙanjamau na kawo, wadda wasu ke kira cuta mai karya garkuwar jiki, 'yan uwanmu na Nijar kuma su ce sida. Na san magana ce da ba mu son yi. Da an ambace ta a majalisa sai ka ji an ce "Allah ya kiyaye" a sauya zance. Amin, Allah ya kiyaye. Amma kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Ni ɗan kara ne. Mahaifina ya fi shekara ashirin yana ɗauko shanu daga Potiskum da Maigatari yana saukewa a Legas, ni kuma tun da na gama sakandare nake tare da shi a Abbatuwa. Abin da zan rubuta na tattara shi ne daga bakin ma'aikatan lafiya da ke zuwa gwaji kasuwarmu da kuma abin da hukumomin lafiya suka wallafa. Na ga mafi yawansa da Turanci ake yi, ko broka, ko Yarbanci, shi ya sa yake wuce da yawa daga cikinmu.

Me ya sa maganar ta shafe mu?

A shekarar 2018 an yi babban bincike a faɗin Najeriya, gida-gida, aka fitar da sakamako a watan Maris na 2019. An gano kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a ƙasar nan. A cikin masu shekara 15 zuwa 49, kashi 1.4 cikin 100 ne, wato mutum 14 cikin 1,000. Amma ba daidai take a ko'ina ba. A Arewa maso Yamma kashi 0.6 ne, Arewa maso Gabas da ƙasar Yarbawa 1.1, ƙasar Inyamurai 1.9, Arewa ta Tsakiya 2.0, yankin Kudu maso Kudu kuma 3.1. Jihohin Akwa Ibom da Binuwai da Ribas su ne a gaba. Mata kuma sun fi maza kamuwa, kusan ninki biyu.

Ban kawo wannan lissafi don a nuna wa wani yatsa ba. Cutar ba ta san Bahaushe ba, ba ta san Bayarabe ba, kuma a Kano ma akwai dubban masu karɓar magani. Abin da nake so mu duba shi ne irin rayuwar da muke yi. Mutum ya baro iyali a ƙauye, ya yi wata shida ko shekara bai je gida ba. Direba da ƙaren mota su kwana biyu ko uku a hanya, su yada zango a Tafa ko Lakwaja ko Ogere ko Obollo-Afor, da kuɗi a aljihu, babu wanda ya san su. Yaro ɗan shekara sha takwas ya zo ci-rani, babu uba babu yaya kusa. Ba kowa ne ke faɗawa ba, Allah ya sani, akwai masu kamun kai da yawa. Amma wanda ya faɗa ya kwaso, ba shi kaɗai zai sha wahala ba. Da sallah zai koma gida wajen matar da ba ta taɓa taka kurmi ba, wataƙila mata biyu ko uku, ga goyo.

Bambancin ƙwayar cutar da ciwon kansa

HIV ita ce ƙwayar cutar. In ta shiga jini, tana bin wasu ƙwayoyin jini da likitoci ke kira CD4, waɗanda su ne sojojin da ke tare wa jiki cututtuka, tana hayayyafa a cikinsu tana kashe su a hankali. Makonni biyu zuwa huɗu bayan kamuwa, wasu kan ji zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, ko ƙuraje, kamar dai mura ko maleriya, sai ya wuce. Wasu ma ba za su ji komai ba. Daga nan mutum zai iya yin shekara biyar, takwas, har goma, yana nan garau, yana kokawa da bijimi, alhali cutar na aiki a ciki kuma yana iya sa wa wani.

Sai sojojin nan sun ƙare sannan a shiga matakin da muke kira ƙanjamau sosai: rama, gudawa da ba ta tsayawa, zazzaɓi kullum, farin abu a baki, da tarin fuka. Tarin fuka shi ne ya fi kashe masu wannan cuta. To ka ga ba duk mai HIV ne ke ƙanjamewa ba. Wanda ya sani da wuri ya kama magani, zai iya ƙare rayuwarsa bai kai wannan mataki ba.

Mu 'yan kara mun saba da sayen dabba da ido. Ka duba haƙori, ka duba ido da hanci, ka taɓa tozo, ka san lafiyarta. Wannan cuta ba a gane ta haka. Ƙiba ba shaida ba ce, kyan fata ba shaida ba ne. Haka kuma ba duk ramamme ne mai ita ba. Gwajin jini kaɗai ke nunawa.

Hanyoyin da ake kamuwa

Ƙwayar tana zama ne a cikin jini, maniyyi, ruwan gaban mace, da nonon uwa. Sai ɗaya daga cikin waɗannan ya samu hanyar shiga jikin wani sannan a kamu.

Ta farko kuma mafi yawa ita ce saduwa ba tare da kariya ba, da aure ko babu aure. A nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Aure halal ne, amma in ɗaya na ɗauke da ƙwayar kuma ba ya shan magani, ɗayan na cikin haɗari. Bazawara na iya samu daga mijin da ya rasu, budurwa na iya samu tun daga haihuwa. Saboda haka jin an ce wance tana da ita ba hujja ba ce ta cewa ta yi lalata. Sannan wanda ke da ciwon sanyi ko tunjere ko wani gyambo a gaba ya fi saurin kamuwa, don ƙofa ce a buɗe. Duk mai irin wannan ya je asibiti, ya daina haɗiyar kafso daga masu talla a tasha.

Ta biyu ita ce daga uwa zuwa jariri, a cikin ciki, ko wajen haihuwa, ko ta shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a sha magani ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iya kamuwa. In uwa na shan magani yadda ya kamata, abin na sauka ƙasa da 5 cikin 100.

Ta uku ita ce jini: ƙarin jinin da ba a tantance ba, da allurar da aka yi wa wani aka sake yi maka. Allura ta fi reza haɗari, domin jinin da ya maƙale a cikin sirinji ba ya bushewa da wuri. Samarin da ke tsira wa kansu allurar maye suna karɓa-karɓa da sirinji ɗaya su ne suka fi shiga wannan haɗari. Haka in za a yi maka allura a kemis, ka tabbata a gabanka aka yage ledar.

Sai maganar wanzamai da masu yankan farce, sana'ar 'yan uwanmu ce a kurmi. Gaskiya ƙwayar ba ta daɗewa a waje in jini ya bushe, don haka ba ta nan aka fi kamuwa ba. Amma aska da ta yanki wani yanzu ta yanke ka yanzu, ko ƙaho, tsaga, kaciya da cire beli da ƙarfe ɗaya, duk hanya ce. Kuma akwai ciwon hanta, wanda ya fi HIV saurin bin irin wannan hanya nesa ba kusa ba. Goge aska da tsumma ko tsoma almakashi a ruwan sabulu bai isa ba. Sabuwar reza kuɗinta kaɗan ne. Ka sayi taka, ko ka riƙe askarka da abin yankan farcenka. Su ma masu sana'ar, wanda ke buɗe sabuwar reza a gaban mai aski ya fi samun jama'a.

Hanyoyin da ba a kamuwa

Ba a kamuwa ta musabaha, ko cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan shayi a kofin da wani ya sha. Ba a kamuwa ta buta, ko bayan gida, ko tabarma, ko tsayuwa kafaɗa da kafaɗa a sahu. Tari da atishawa da gumi da hawaye ba sa ɗauke da ita. Sauro ma ba ya yaɗa ta, domin ƙwayar ba ta rayuwa a cikinsa, kuma in ya ciji mutum yawunsa yake zubawa, ba jinin wanda ya ciza ɗazu ba. Da sauro na yaɗa ta, da babu wanda zai rage a Mile 12 da damina.

Akwai tambayar da mahauta ke yawan yi: jinin shanu fa? Ƙwayar HIV ta ɗan Adam ce, saniya da rago da akuya ba sa ɗaukar ta, cin nama ba ya kawo ta. Akwai dai wasu cututtuka daban da ake samu daga dabba, kamar tarin fuka na shanu da bakkale, su ma abin kiyayewa ne. Abin lura a kwata shi ne jinin mutum: in abokin aikinka ya yanke, ka taimake shi, amma ka sa safar hannu ko leda in kana da rauni a hannunka, a wanke wuƙar kafin wani ya ɗauka.

Yadda za ka kare kanka da iyalinka

Babu kariyar da ta kai kamun kai. Wannan addini ya faɗa, likita ma bai musa ba. Mai aure ya tsaya ga iyalinsa, wanda ke da hali ya kawo matarsa kusa ko ya yawaita zuwa gida.

Amma in muka tsaya a nan mun bar wasu a baya. Wanda ya san bai iya riƙe kansa ba, ya yi amfani da kwaroron roba, sabo kowane lokaci, daga farko har ƙarshe. Ba ina halasta wa kowa komai ba ne, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Cewa nake kada ya haɗa laifi biyu, ya je ya ɗora wa baiwar Allah da ke jiran sa a gida. Ita ma robar tana da amfani a cikin aure, inda ɗaya ke da ƙwayar ɗaya ba shi da ita.

Wasu na cewa ai mai kaciya ba ya kamuwa. Bincike ya nuna kaciya na rage haɗarin namiji ya ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin 100. Ragewa aka ce fa, ba hanawa ba. Wanka da ruwan zafi bayan an gama, ko shan kafso, ko jiƙo, ko laya, babu wanda ke tare ta.

Akwai magunguna biyu na rigakafi da mutanenmu da yawa ba su san da su ba. Na farko ana kiran sa PEP. Shi na gaggawa ne: in an yi wa mace fyaɗe, ko roba ta fashe, ko allurar wani ta soke ka, ka garzaya babban asibiti kafin awa 72 su cika, gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa. Za a ba ka magani na kwana 28. In an wuce kwana uku, ya zama ba ya aiki. Iyaye su riƙe wannan da kyau, domin a wajen fyaɗe mukan tsaya sulhu da rufa-rufa har lokaci ya ƙure wa yarinya. Na biyu shi ne PrEP, wanda mai lafiya ke sha kullum in yana cikin haɗari, misali matar da mijinta ke da ƙwayar bai daɗe da fara magani ba.

Gwaji

Ɗan jini ake ɗiga daga yatsa, cikin minti 20 ko ƙasa da haka ka ji sakamako. Ana yi a asibitocin gwamnati da ƙananan asibitocin unguwa, galibi kyauta. Akwai ma abin gwajin da ake sayarwa a manyan kemis, ka goga a dasashi ka duba da kanka a ɗaki. In ya nuna akwai, sai ka je asibiti a tabbatar, kada ka yanke hukunci kai kaɗai.

Abu ɗaya da za a kiyaye: in kamuwar sabuwa ce, gwajin na iya kasa ganin ta har zuwa wata uku. Wanda ya yi ganganci a makon jiya ya je yau aka ce babu, kada ya yi murna tukuna, ya koma bayan wata uku.

Sakamakonka sirrinka ne. In kana jin kunyar asibitin unguwarku saboda idon sani, hau mota ka je wata unguwa. In harshe ne matsala, ka tafi da wanda ka amince da shi, ko ka nemi a samo maka mai jin Hausa, a manyan asibitocin da ke kusa da Sabo da zango ba a rasawa.

Sai gwaji kafin aure. A watan Mayu na 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila kafin a ɗaura aure. Mu a nan kurmi ana ɗaura aure a masallatanmu kowane mako, sau da yawa babu mai tambayar takarda. Ina roƙon limamanmu da Sarakunan Hausawa su mai da shi al'ada. Kuma a tafi tare, ango da amarya, a ji sakamako daga bakin ma'aikacin lafiya, domin takardar da aka kawo a aljihu ana iya sayen ta. Mai ƙara aure shi ma ya gwada, har da uwargida. Mace mai ciki kuma a bar ta ta je awo, a can ake gwadawa a ceci jariri.

In an ce kana da ita

A da ana ce mata "kabari kusa", kuma a lokacin akwai gaskiya a ciki. An fara ba da rahoton cutar a Najeriya a 1986, babu magani a hannun talaka. A 1997 ta kashe mawaƙin nan na Legas Fela Kuti, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito ya faɗa wa duniya abin da ya kashe shi don mutane su farka. Yanzu zamani ya sauya. Yawancin masu karɓar magani ƙwaya ɗaya suke sha a rana, kuma a asibitocin gwamnati kyauta ake ba da ita, sai dai wani wuri a nemi kuɗin kati ko na wani gwaji.

Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki, danne ta yake yi. In mutum ya riƙe shi ba fashi, yawanci cikin wata shida ƙwayar kan ragu har na'ura ta kasa ganin ta a jini. Wanda ya kai wannan matsayi kuma ya ci gaba da shan magani, ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Zai yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu, ya yi kasuwancinsa.

Akwai wani dillali a kasuwarmu, ba zan faɗi suna ko garinsu ba. A wajen awon ciki aka gano matarsa na da ita, shi ma ya je aka samu. Da farko cewa ya yi sammu ne, ya kwashe kusan wata huɗu yana bin masu magani, kuɗin sa biyu suka tafi. Matar ce ta dage da na asibiti. Ta haihu, an gwada yaron har bayan yaye, ba shi da komai. Shi kuwa sai da tari ya kwantar da shi sannan ya sallama. Yau in ka gan shi yana ciniki ba za ka ce ya taɓa kwanciya ba, amma watannin nan huɗu sun kusa tafiya da shi.

Don haka a yi hattara da masu lasifika a tasha da masu bidiyo a TikTok da ke cewa suna warkar da ita cikin sati biyu. Ko shugaban ƙasa ya taɓa yin wannan iƙirari: Yahya Jammeh na Gambiya a 2007 ya ce yana warkarwa da haɗin ganye, aka sa marasa lafiya suka ajiye maganin asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Yi addu'a, sha rubutu in kana so, amma kada ka ajiye ƙwayarka. Wanda ke sha yana bari, cutar kan saba da maganin ta daina jin sa.

Ga matafiya irinmu akwai sauƙi. Ka gaya wa ma'aikatan asibiti cewa kai mai zirga-zirga ne, in jikinka ya daidaita suna iya ba ka na wata uku ko fiye a lokaci ɗaya. In za ka koma gida noma da damina, ka karɓi takardar canjin asibiti ka ci gaba da karɓa a can. Maganin ya zauna a jikinka, ba a jakar da za ta bi wata mota ba. Da azumi kuma, ka tambayi likita ya mayar maka da lokacin sha zuwa dare.

Abu mafi nauyi shi ne gaya wa iyali. Da wuya, amma ɓoyewa zalunci ne, domin kowace rana da ta wuce ba ta san matsayinta ba, cutar na cin ta. In ba za ka iya buɗe baki ba, ma'aikatan asibiti sun saba, su za su zaunar da ku su yi bayani.

Tsangwama

Abin da ke hana mutanenmu gwaji ba tsoron allura ba ne, tsoron bakin mutane ne. A zango kowa ya san kowa, magana ɗaya in ta fita da safe a Agege, kafin la'asar ta isa ƙauye. Shi ya sa mutum zai gwammace ya mutu shiru. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa mai HIV bambanci, ko korar sa daga aiki, ko tona sirrinsa ba da izininsa ba. Amma kafin doka akwai zumunci. Mu da ke zaman baƙunta, in ɗayanmu ya faɗi mu ne danginsa. Kada a ware masa kwano, kada a janye tabarma, kada maigida ya kori yaronsa. Wanda ya ga ana rufa wa mai cutar asiri, shi ma zai samu ƙarfin zuciyar zuwa gwaji.

Ina kira ga shugabannin kara, Sarakunan Fawa, ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaba, su riƙa gayyato ma'aikatan lafiya kasuwa, a samu mai fassara da Hausa, a keɓe wuri mai sirri. Ranar 1 ga Disamba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, ana yawan yin gwaji kyauta, amma ba sai an jira ta ba. Kai da ka karanta wannan, ka karanta wa wanda bai iya boko ba a majalisarku. Kuma kafin tafiyarka gida ta gaba, ka ware rabin awa ka je a duba ka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a nemanmu. Amin.